Baƙon da Ya Ci Dambun Gayya

Ranar wata Laraba ce, a ƙarshen daminar da nake aji huɗu na firamare, mai shela ya zagaya ƙauyenmu da ke gabas da Haɗejiya yana cewa ruwa ya taso, kowane namiji ya fito gayya. Shinkafar Baba ta yi ciki, ita ce abincinmu na shekara, kuma ba abin da ya raba ta da kogi sai jinga, tudun ƙasar da muka tara da hannunmu. Kacala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyar ruwa, shi kuwa ruwa in ya rasa hanya gonar talaka yake nema. Manya suka shiga da lauje suna yanka, ruwa iya ƙirji. Mu yara muka bar langa, muka ajiye gwangwanayen korar tsuntsu, muna riƙe bakin buhu ana ɗura ƙasa.

A zaurenmu kuwa akwai baƙo, wani malamin jami'a da ya zo nazarin zaman mutanen fadama. Mutumin kirki ne, wallahi, ga fara'a, ga alawa a aljihu. Mun sa masa Malam Mai Kallo, don ko akuya Baba zai ɗaure sai ya tsaya ya tambayi dalili. Da hantsi Inna ta aiko da dambu da fura, shi ma ya zauna cikin mutane ya ci, har da santi. A wurinmu kuwa dambun gayya ba kyauta ba ne: duk wanda ya sa hannu a ƙwaryar ya ɗauki alkawarin shiga ruwa. Kowa ya san haka, har ni. Shi da ya yi wata da watanni yana tambaya, wannan ɗin bai tambaya ba. Ya wanke hannu, ya hau jinga, ya ɗaga kyamara.

Bayan azahar jinga ta fara yoyo ta gefen gonarmu. Baba ya ɗago kai daga cikin ruwa ya ce, "Malam, taimaka ka miƙo buhun nan." Baƙo ya ce aikinsa bai yarda ya sa hannu a abin da yake nazari ba. Kowa ya ci gaba da aikinsa, baƙo raɓa ne. Ba na cewa buhu ɗaya zai tare kogi. Amma ina tsaye ina kuka jinga ta ɓalle, shinkafarmu ta nutse a kan idona, shi kuma yana ta ɗaukar hoto. Da Baba ya fito, laka har gira, sai ya ce, "Ka gani, Malam?" Ya ce ya gani. "To, Allah ya sa ganin ya yi amfani." Shekarar nan sau ɗaya a rana ake ɗora tukunya a gidanmu.

Abin takaicin, aikin da na girma na kama ke nan. Na yi karatu, na yi rubutu a kan kacala da ambaliya, an tafa mini a ɗakunan taro masu sanyi, ita kuwa kacala tana nan sai ƙaruwa. Mukan je wa mutane da tambaya, mu sha furarsu, mu tafi. Bara na je gida na tarar da gayya a wannan wurin dai. Baba ya rasu, ƙanensa Baffa Sale ke jan mutane. Na ci dambu, na tuɓe takalmi, na karɓi lauje na shiga. Kafin a jima hannuna ya yi bororo, numfashi ya gagare ni, sai tare wa mutane hanya nake yi. Baffa ya dube ni da tausayi, ya zare laujen daga hannuna ya miƙa wa wani saurayi.

"Ɗan nan, hau jinga," in ji shi, "ka yi abin da ka iya."

Na hau, raina a jagule. Ina yaro, ko ba komai, bakin buhu nake riƙewa. Ran nan ba abin da ke hannuna sai waya.