Gardamar Kamfas a Jirgin Abban Safiya

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana, Abban Safiya. Ina tankaɗen gari bayan azahar a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, sai na ji sallamar Malam Ɗanjuma, amininsa, wanda ya ƙaurace mana tun ƙaramar salla. Har na yi murna, na ɗauka sulhu ya kawo shi. Daga bayan labule ya ce, "Ummu Safiya, sai haƙuri. Mutumin naki ya faɗi a shago, Allah ya karɓi abinsa." Ban tuna amsar da na ba shi ba.

Gyaran agogo ne sana'ar Abban Safiya, a wani ɗan shago a Anbariyya. Shi Bakano ne, Ɗanjuma kuwa mutumin Damagaram, kuma suna yara suka zo ƙasar nan mai tsarki tare da iyayensu a jirgi ɗaya, tsohon jirgi mai farfela. A hanya matuƙin ya bar su suka leƙa wurin zamansa. Daga wannan leƙen maigidana bai sake shiga jirgi ba har ya mutu, amma agogunan da ya gani jere a gaban matuƙin ba su taɓa fita daga ransa ba.

Bayan haihuwar Safiya ya mayar da ɗakin saman soro wurin aiki, ya kafa allon katako, ya shiga ƙera agogunan ɗaya bayan ɗaya: na tsawon tashi, na gudu, na mai. Babu wanda ke aiki a cikinsu, kama kawai yake nema. Kayan kicin ɗina ne suka ji jiki. Gwangwanin madara ba ya kwana, tun da sauran madara a ciki yake juye ta a kofi. Murfin tukunyata ya ɓace, na tsince shi an yi masa baƙin fenti da fararen lambobi. Da na yi magana sai ya ce, "Hajiya, tukunyarki ce ta samu ƙarin girma."

A lokacin tsofaffi na nan da agogonsu na dā, wanda ake saita sha biyu da faɗuwar rana. Wata gwaggonsa ta hau soro da azumi, ta dubi agogon tsawon tashi, ta ga allura biyu sun haɗu a sama, ta ce magariba ta yi. Da ƙyar muka karɓe dabinon daga hannunta, rana na tsaye a kan dutsen Uhudu.

Rigimarsa da Ɗanjuma kuwa a kan kamfas take, wato agogon da ke nuna gabas da yamma. Abban Safiya ya ce a hagun allon ya gan shi. Ɗanjuma ya ce a dama.

"Kai da ka rufe ido kana kiran innarka tun daga Kano, yaushe ka ga dama da hagu?"

"Bakano, kai ai aljihun matuƙin kake kallo. A dama yake, wallahi."

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, da butar shayi a tsakaninsu. Maigidana ya gama kamfas ɗin tsaf, amma ya ƙi huda masa gurbi. Ya ce sai Ɗanjuma ya amsa da bakinsa cewa a hagu yake. A shekarar ƙarshe wasan ya yi tsami. Ɗanjuma ya ce a gaban baƙi duk allon tarkacen gwangwani ne, maigidana ya ce to kada ya sake hawa masa soro. Kowannensu ya zauna jiran ɗan'uwansa ya fara sallama, kuma ajali ya riga su.

Bayan na fita takaba Ɗanjuma ya roƙi a bar shi ya hau. Safiya ta raka shi. Ta ce ya daɗe tsaye, sannan ya ɗauki kamfas ya kara a dama, ya ce wa allon, "Ka gani? Nan ne wurinsa." Daga ƙasa na ɗaga murya na ce a hagu yake. Ni da ko jirgin ban taɓa gani ba. Tun daga ranar, kowace salla yana zuwa, ya ce dama, in ce hagu, a kawo masa shayi. Yanzu da sanda yake tafiya, sai an riƙe shi yake hawa matakalar.

Nakan yi tunanin abin da Abban Safiya zai ce da zamanin nan. Jirage na wucewa ta kanmu dare da rana, an ce gaban matuƙi duk ya koma kamar talabijin. Ina jin zai ce wannan ba tuƙi ba ne, kallo ne. Madara ma ta koma kwali, da ya rasa abin yanka.

Bara Safiya ta nemo mini hoton cikin irin jirgin a wayarta. Muka ƙura ido. Kamfas ɗin ba ya kan allon ma sam. Yana rataye a sama, a tsakiyar gilashin gaba, tsakanin matuƙa biyu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya Safiya ta miƙo mini gefen mayafinta.

Shagon an rushe shi tuntuni, agogunan da ya gyara wa mutane sun tsaya. Abin da ya rage na maigidana da rai a gidan nan shi ne wannan gardamar, ranar da aka raba ta kuwa tsohon ba shi da abin da zai hau soro ya yi. Salla ta kusa. Har yau ban nuna wa Malam Ɗanjuma hoton ba.