Inna Ta Ce a Bar Ta a Ɗakinta

Tun ina yarinya Inna ce take yi wa mata wankan gawa a ƙauyenmu, arewa da Gezawa. Da an yi rasuwar mace sai a aiko kiranta. Ta yafa mayafi, ta tsinki ganyen magarya a bayan gida, ta fita. In ta dawo ta yi wanka, ta koma kan surfenta ko tankaɗenta. Ba ta taɓa ba mu labarin abin da ta gani ba, amma kuma ba ta rage murya idan za ta ambaci mutuwa, kamar yadda sauran mata suke yi.

Mu uku ne 'ya'yanta da suka rayu. Yayanmu yana jan motar haya tsakanin Gezawa da birni, ni ina koyarwa a firamare, ƙanwarmu kuma tana aure a Shanono. Baba ya daɗe da rasuwa. A asibiti ya cika, bayan kwanaki da roba a hanci, baki ya rufe. Yana ta ɗaga yatsa yana nuna ƙofa, mu kuma muna ta ce masa sannu.

Ciwon zuciya ne ya kama Inna. Ƙafafunta suka riƙa kumbura, daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta huta. Sau biyu ana ba ta gado a birni. Bayan sallama ta biyu, da kaka, ta sa aka kira mu duka. Da hantsi muka zauna a tsakar gida, ni da ƙanwata muna ɓare gyaɗa, Yaya yana kan turmi da makullin mota a hannu.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, saboda ɗan fari ne. Ta ce, "Kai babba, ajiye makullin nan. Magana zan yi a kan tafiyata."

"Wace tafiya kuma, Inna?"

"Wadda kowa zai yi."

Yaya ya miƙe tsaye. "Don Allah ki bar wannan magana. Kin samu sauƙi. Allah ya ja da kwana."

Ta ce, "Amin. Zauna. Mahaifinku gida yake nuna muku, ba wanda ya gane. Ni ma sai daga baya na gane. Ba na so ku tsaya a kaina kuna canke-canke."

Ƙanwata ta fara share hawaye da gefen zani. Inna ta bar ta ta yi, sannan ta ci gaba. Ta ce magani za ta sha, duk wanda aka ba ta. In ciwo ne da asibiti zai iya yi masa wani abu, a kai ta. Amma ranar da likita ya ce aikinsu ya ƙare, to a bar ta a ɗakinta, inda za ta riƙa jin kiran salla daga masallacin unguwa. Ba ta son namiji baƙo ya juya ta. Likkafaninta yana ƙasan akwati, ta daɗe da saye. Wanka kuma ni da maƙwabciyarmu, tsohuwar aminiyarta, za mu yi mata.

Na ce, "Inna, ni ban iya ba."

"Shi ya sa na faɗa tun yanzu. Zan koya miki."

Yaya ya tashi ya fita. Washegari ya je wurin liman, yana sa ran zai zo ya yi wa Inna nasiha. Liman ya saurare shi, ya tambaye shi ko ta ce ta daina shan magani. Ya ce a'a. Sai liman ya ce to bai ga laifinta ba, faɗin abin da mutum yake so ba ya jawo ajali kusa, kuma wanda ya samu uwa mai faɗa masa irin wannan ya gode wa Allah. Yaya ya dawo ba don ya gamsu ba, sai dai ya daina gardama.

Da ranar komawa ganin likita ta zo, Inna ta hana Yaya shiga shi kaɗai kamar yadda aka saba. A da shi ake faɗa wa komai a keɓe, ita kuma a ce mata da sauƙi. Wannan karon muka shiga mu uku, ni da ita da Yaya. Ta dubi likitan, wanda bai wuce sa'an ƙanwata ba, ta ce, "Ɗana, zuciyar tawa ce, ni za ka faɗa wa. Za ta warke?"

Ya ajiye biro. Ya ce ba za ta warke ba. Maganin yana rage ruwan da ke taruwa, yana sauƙaƙa numfashi, amma zuciyar ta gaji. Inna ta ce ta gode. Ta tambaye shi abin da za a yi a gida idan numfashi ya tsananta. Ya nuna mini yadda zan jingina ta da matashi, da wane magani zan ba ta, ya kuma rubuta takarda zuwa ga ma'aikaciyar lafiya ta asibitin ƙauyenmu don ta riƙa leƙowa. A hanyar dawowa Inna ta sa aka tsaya ta sayi rake, ko da yake ba ta iya sha sai dai ta tsotsa.

Wata biyar ta yi bayan nan, kuma ba watannin baƙin ciki ba ne. Na koma gidan da zama. Ƙanwata tana zuwa ta yi mako biyu ta koma. Da yamma Inna takan kwantar da tabarma naɗaɗɗiya a gabana ta nuna mini yadda ake wankan: ta ina ake farawa, yadda ake suturta mamaciya, yadda ake tsefe kai a hankali. In na yi kuskure ta ce, "A'a, kin karya mata wuya," mu yi dariya. Ta aika aka kirawo wata ƙanwar Baba da suka yi shekaru ba sa ga maciji, suka shiga ɗaki suka daɗe. Ban san abin da suka ce ba. Na dai ga sun sha fura a ƙwarya ɗaya.

Da bazara, wata safiya, numfashin ya ƙi. Ma'aikaciyar lafiya ta zo ta duba ta, ta kira likitan a waya, sannan ta ce mana likita ya ce aikinsu ya ƙare. Yaya ya riga ya kawo mota ƙofar gida, bai ma kashe ta ba. Ya shigo ya ce in ɗauko mayafinta. Inna ta buɗe ido ta dube shi, ta girgiza kai sau ɗaya.

Ya daɗe a tsaye. Ina jin ƙarar motar daga waje. Can ya fita, ƙarar ta ɗauke, ya dawo ya cire takalmi. Ya zauna a bayanta ya jingina ta da ƙirjinsa, don a haka numfashin ya fi yi mata sauƙi.

Kwana huɗu ta ƙara. Muna jiƙa mata leɓe da ruwa, muna karanta mata abin da muka haddace. A rana ta huɗu, bayan la'asar, ta cika, ƙanwata tana riƙe da hannunta, ni ina maimaita mata kalmar shahada. Ni da maƙwabciyarmu muka yi mata wanka.

A wurin zaman makoki wani abokin aikin Yaya ya tambaye shi me ya hana a kai ta asibiti, ga mota a gida. Mijina yana wurin, shi ya ba ni labari. Yaya ya ce ita ta zaɓa tun tana da bakinta, kuma likita ya san da maganar. Da jama'a suka ragu sai mutumin ya matso, ya ce nasa mahaifin yana kwance wata uku ke nan, kowa a gidan yana ce masa da sauƙi. Ya tambayi yadda ake fara irin wannan magana. Yaya ya gyara masa wuri a tabarma, suka zauna har aka kira magariba.