Shekarar da dambe ya cinye mana albasa

Ban taɓa ganin dambe da idona ba, kuma ba na jin na yi asarar komai. Amma akwai 'yan dambe biyu da na sani fiye da malamaina na makaranta, don tun ina rarrafe ake ambatonsu a zauren gidanmu a Wurno, har sunka gundure ni.

Ɗaya bahago ne, mutumin Goronyo. Shi ne gwanin Baba, don a Boyekai, kusa da Goronyo, anka haifi Baba, kuma yana yaro ya ga bahagon nan yana kashe maza a jere bayan kaka. Kisa a dambe ba mutuwa ba ce. Ka kai mutum ƙasa, ko gwiwarsa ce ta taɓa, an gama. Ɗayan kuma wani ƙato ne na Rara, can ƙasar Rabah, garin su Inna. Shi ne gwanin Kawu, ƙanen Inna. Mutanen nan biyu ba su taɓa haɗuwa a fage ba, na Rara ma ya rasu tun ba a haife ni ba. Wannan bai hana Baba da Kawu haɗa su kullum da baki ba.

Da can wasa ne, irin na miji da ƙanen mata. Kawu ya ce hagu hannun tsarki ne, ba na faɗa ba. Baba ya ce na Rara tumbi ne da ƙafafu. A yi dariya, a sha fura.

Shekarar da nake faɗi, Turawa na nan ba su tafi ba, ni kuma ina makarantar 'yan mata a Sakkwato. Na dawo hutun rani na ishe gida ba daɗi. Gero bai yi ba a daminar, rumbu bai kai rabi ba. Abin da Inna ta sa wa ido shi ne lambun albasar da Baba da Kawu sunka yi tarayya a bakin gulbi. In ta yi, a kai kasuwa a auno hatsin da zai kai mu damina. In ba ta yi ba, Inna ta san abin da zai biyo, don ita ke riƙe da muciya.

Kuma na ishe Baba da Kawu ba su magana da juna. Wai a ƙofar masallaci, gaban mutane, Kawu ya ce bahagon gudu ya riƙa yi, da ya ji na Rara zai zo gari sai ciwon ciki ya kama shi. Baba ya ce mutanen Rara ba su taɓa haifar namiji ba, sai masu ci. Ya manta cewa surukinsa, mahaifin Kawu, mutumin Rara ne. Daga nan kowa ya kama bakinsa.

To aikin jigo ba ya yiwuwa da kame baki. Mutum ɗaya na gindin gaɓa yana jan guga yana zuba ruwa a hanya, ba ya ganin fangalin da ake shayarwa. Ɗayan na can sama da fartanya, yana buɗe wa wannan fangali yana toshe wancan, shi ke kira a tsaya ko a ƙaro. In hannun mai ja ya mutu, ya yi magana a canja. Su kuwa ba mai kira, ba mai neman canji. Wani fangalin ya cika ya fashe, dashe ya kwanta cikin laka, wani ko ɗigo bai gani ba. Baba ya ja jigo har bayansa ya riƙe, yana sallah a zaune, amma bai ce a karɓe shi ba.

Inna ta ba ni ƙwaryar fura ta ce in kai masu, kuma kada in dawo sai an tashi. Haka na zama bakinsu. Ina tsaye bisa gaɓa, rana na dukana, ina ɗauko magana daga ƙasa ina kaiwa sama.

"Ce ma kawunki shi tare ruwa."

"Ce mai na ji, ba kurma ni ke ba."

Duk suna jin juna sarai. Sauran 'yan ajinmu na hutu, ni ina wannan.

Da aka zauna shan fura, kowa da inuwarsa, sai su fara jawo ni. Tunda ni ce 'yar boko, in faɗa masu, a wajen Turawa yaya ake gane wanda ya fi. Na ce abin da na gani a wata jarida a makaranta: manyan 'yan dambensu sai an ɗora su bisa sikeli, ƙato da ƙato ake haɗawa, wanda ya kā da kowa a ɗaura masa ɗamara. Kawu ya ce wa sama, ba wa Baba ba, ai in awo ne kamar gyaɗa, magana ta ƙare, na Rara ya rinjaya. Baba ya ce wa ƙwaryarsa, in nauyi ne dambe, a kai sa fage.

Na gaji. Na ce, "Baba, don Allah mi za a yi da wanda ya fi? Albasa na mutuwa. Bahagon nan ba yana raye ba? Ku tambaye shi mana."

Na ɗauka mutum ɗaya zai je, ɗaya ya tsaya wa lambu. Ashe ba wanda ya yarda ɗan'uwansa zai kawo amsar yadda anka ba shi. Dole su je tare. Kuma tunda ba su magana, dole a je da ni, a ce goggona ta Goronyo za ni gaisarwa. Na ce wa zai ba albasa ruwa. Baba ya ce an ƙosar da ita jiya. Inna ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli a tsumma.

Bisa jakuna munka tafi. Baba gaba, Kawu baya, ni tsakiya.

Washegari da hantsi munka ishe bahagon a zaurensa. Ni daga bakin ƙofa na tsuguna. Wani tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari, yana gyaran igiyar akuya. Hannun hagun nan da na ji labarinsa tun ina goye, rawa yake yi. Baba ya gaishe shi kamar mai gaida sarki, ya aje goro, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai ga tambayar, shi da na Rara wa ya fi.

Tsohon ya aje igiyar. Ya ce, "Allah shi jiƙan maza. Shi yaf fi ni."

Kawu ya matso gaban tsohon, ya tambaye shi. "Baba, da yana raye fa?"

"To ai ba shi raye, ɗana."

Ya ɓare goro, ya tambayi yadda gulbi yake a wajenmu bana. Iyakar abin da munka samo ke nan.

Sai da munka fita gari Kawu ya zaburi jakinsa ya wuce ni, ya jera da Baba. Ya ce, "Yaya, wagga ba amsa ba ta. Kara yai mai don ya kwanta dama. Wa ka ɗaga kai bisa mamaci?"

Baba bai dube shi ba. "Mutum kamar wanga ba shi ƙarya. In ya ce an fi shi, an fi shi."

Na fahimci inda kowa ya maƙale. Baba ya gwammace gwaninsa ya zama na biyu da ya zama maƙaryaci. Kawu kuma ba zai karɓi nasarar da anka ba shi sadaka ba. Kafin mu yi nisa, Baba na rantsuwa ba a taɓa yin kamar na Rara ba, Kawu na bugun wuyan jaki yana cewa hagun nan da ta sami na Rara da bai tashi ba. Da zafi suke yi, kamar yadda sunka saba. Ba wanda ya ƙara cewa in ce wa wani komai. Na ja jakina baya, na bar su.

Ba mu biya gida ba, lambu munka zarce. Duk fangalin da ke nesa da gulbi ya tsage, ganye ya kwanta ya yi fari, lokacin sabon dashe kuwa ya wuce. Na kusa da jigo ne da sauran rai. Kawu ya tuɓe riga ya sauka gaɓa, Baba ya ɗauki fartanya, yana kiran a ƙaro, yana kuma ƙarasa wata magana kan faɗin ƙirjin na Rara.

Abin da anka tona a ƙarshe bai kai rabin abin da anka dasa ba. Ban ga haƙar ba, na koma makaranta. Da na sake zuwa gida, gab da saukar ruwa, Inna ta daina ɗora tukunya da rana. Kunu da safe, tuwo da almuru, shi ma a tsinke. Kawu kan zo ya ci tare da Baba a zaure, akushi ɗaya.