Addu'ar Telan Mishan a Bakin Gado

Ni ne akawun asibitin mishan da ke bakin kogi. Aikina rubuta wanda ya shigo, da abin da ya kawo shi, da yadda ya fita, ko da ƙafarsa ko a kafaɗar mutane. Teburina yana baranda, daidai tagar ɗakin masu rauni, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kan yaron nan da idona na gani. Inda ji na yi, zan ce ji na yi.

Ya zo mana yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, daga wata ƙasa mai sanyi, da akwatin ƙarfe ɗaya da takalmin da bai kai ƙarshen damina ba ya ruɓe. Cocinsu ne ya turo shi. Ba likita ba ne, wankin ciwo da ɗinki kawai ya koya, amma hannunsa na da kyau ƙwarai. Ya ce mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne, tun yana ƙarami yake riƙe allura. In ya ɗinke maka sara, bayan ka warke sai ka yi ta laluben tabon. Shi ya sa mutanen bakin kogi suka sa masa Tela, sunan kuma ya bi shi har na ainihin ya ɓace.

Ƙasar ba ta karɓe shi da sauƙi ba. Zafi ya feso masa ƙuraje a wuya da gadon baya, zazzaɓin sauro ya yi ta kayar da shi a shekarar farko, gara ta cinye rabin littattafansa. Duk da haka da sassafe za ka gan shi a bakin rijiya. Ya ɗebo ruwa, ya dafa almakashi da allurai a kan risho, ya wanke bandejin jiya ya shanya. Da rana wankin gyambo, da yamma ya hau keke ya shiga unguwanni yana wa'azi ga duk wanda zai tsaya, yawanci tsofaffi masu shan iska da awaki. Shekara biyu ban ga ya sami mabiyan da za su cika benci guda ba.

Akwai abu ɗaya da ba ya fashinsa. Kowace safiya, kafin a kwance bandeji, sai ya bi gado-gado yana addu'a da babbar murya. A cocinsu, in ji shi, ba a yi wa Allah kwana-kwana: abin da ke damun mutum a fili ake faɗinsa, jama'a su ji su ce amin. Haka yake yi mana.

"Ya Ubangiji, ga bawanka mai basir, tun shekaranjiya bai zagaya ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya, mai basir ya ja zane ya rufe kai. Tsohuwar nas ɗin da ke riƙe da ɗakin, wadda kowa ke kira Inna, ta sha yi masa magana.

"Ɗan nan, ko raɗa ka yi Allah yana ji. Ka riƙa rufa wa mutane asiri."

"Inna, in maƙwabcinsa bai san damuwarsa ba, yaya zai taya shi roƙo?"

"Ya taya shi da me? Ka ga dai yadda yake taya shi da haƙora."

Marasa lafiyar yawancinsu ba addininsu ɗaya da shi ba, amma ba wanda ya taɓa hana shi. Sun ɗauke shi yaro mai kirki da ba ya iya riƙe bakinsa.

Cikin masu tsokanarsa ba kamar wata mai sayar da kifi a mashigi, wadda ke kawo wa kicin ɗin mishan kifi. Mace ce kakkaura mai murya, ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun daga ƙofa take kwala masa kira.

"Ina mijina Tela? Kai, har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Me Inna ke ba ka, ruwan wankin bandeji?"

"Yaya, ina cin abinci."

"Da ido? Ranar da zan ɗauke ka, a cikin kwanon nan zan sa ka, in rufe da faranti."

Sai kunnuwansa su yi ja, ita kuma ta tafi tana dariya. Tana da ƙane guda, matuƙin kwalekwale, wanda ta raina tun rasuwar mahaifiyarsu. Auta take ce masa, duk da gemunsa.

Tsakanin masu kwalekwale da masu haƙar yashi akwai tsohuwar gaba a kan mashigin. Masu yashi suna cin gaɓa har wurin ɗaure jirage ya zabtare, masu kwalekwale kuma su tura musu tarin yashi cikin ruwa. Duk shekara in ruwa ya ja baya sai an fasa kawuna. A shekarar da nake magana abin ya wuce fasa kai. Da hantsi muka fara jin ihu daga kogi, kafin azahar baranda ta cika. Wani ya shigo riƙe da kunnensa a hannu. Wani an farke masa ciki da adda, yana tare hanjinsa da hula. Jini ya bi ƙarƙashin teburina har na ɗaga ƙafafu ina rubutu. Tela ya yi ta ɗinki har rigarsa ta manne da jikinsa, Inna tana miƙa masa zare tana zagin duk wanda ya motsa.

A kan ƙyauren ƙofa aka kawo Auta. An sare shi da bakin shebur a ƙeya, ƙashi ya lotsa, bai san inda yake ba. Bayansa aka shigo da wani mai yashi, gajere mai faɗin kafaɗa, ana ce masa Guntu, an tsarge masa cinya har ƙashi.

Ɗakuna biyu gare mu, ɗaya na sabon rauni, ɗaya na masu gyambo da gudawa. Inna ta so a raba ɓangarorin biyu, Tela ya ce duk wanda aka kai ɗaya ɗakin da buɗaɗɗen ciwo, ruɓa zai yi. Ta san gaskiya ya faɗa. Aka jera su wuri ɗaya, mai gadi kuma ya riƙa karɓe sanda da adda a hannun duk mai zuwa dubiya. Gadon Guntu ya faɗo kusa da na Auta. Babu wanda ya san wanda ya sari Auta, don a cikin turmutsutsu aka yi. Yayarsa ta bar kasuwa ta tare a gefen gadon, tana jiƙa masa leɓe da auduga, duk wanda ya shigo ta tambaye shi, "Kai kana wurin? Wa ya sare shi?"

Guntu ya ƙi cin abinci, kullum fuskarsa na bango. Wata rana da la'asar, mai kifi ta fita wanke zanen gado, Tela yana wanke masa cinya, sai Guntu ya riƙo hannunsa. Wannan ban ji ba, Tela ne ya faɗa mini daga baya.

"Malam Tela, ni na sare shi. Ban ma san shi ba. Ya ba ni baya, shebur yana hannuna, shi ke nan. Ko na rufe ido ƙarar nake ji. Ka roƙa mini Allah."

Tela ya ce zai roƙa. Ya fito baranda fuskarsa kamar an yi masa albishir, ya ce mini, "Akawu, yau na ga aikin Allah." Shekara biyu yana jiran mutum ɗaya ya tuba a gabansa, ga shi ya samu.

Washegari da safe numfashin Auta ya fara sarƙewa. Tela ya yi masa addu'a, mai kifi ta ce amin. Sai ya matsa gado na gaba, ya ɗora hannu a kan Guntu, ya rufe ido, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Ya Ubangiji, ga bawanka da ya ɗaga shebur ya sari ɗan'uwansa da ke kwance a nan kusa da shi. Ya yi nadama. Ka gafarta masa, ka kuma sanyaya zuciyar yayarsa ta yafe."

Tiren da ke hannun Inna ya faɗi. Guntu ya ce, "Wayyo, ka kashe ni." Ba wanda ya ce amin. Tela ya buɗe ido yana duban mutane, bai gane abin da ya faru ba tukuna.

Mai kifi ta sunkuya ta jawo kwanonta daga ƙarƙashin gado. Mai gadi bai taɓa bincikar kwanon ba, don ta gida ce. Wuƙar gyaran kifi ce ta zaro daga ciki, wasawa ta cinye ta har ta zama siririya. Ba ta yi ihu ba. Ta taka kan gadon ta kai wa Guntu suka a wuya, ya goce, wuƙar ta shige kafaɗa. Ya faɗo ƙasa, ɗinkin cinyar ya ɓalle gaba ɗaya, ya riƙa jan jiki yana barin jini a siminti.

Ɗakin ya hargitse. Masu kwalekwale suka diro daga gadaje, masu yashi ma haka. Wani ya fizgi ƙarfen rataye ruwa ya maka wa na kusa da shi a fuska. Mai kunne ɗayan nan ya fasa kwalba yana yankar iska da ita. Inna ta shiga tsakani, gwiwar hannun wani ta same ta a baki, ta zauna daɓas. Na shigo a guje na tarar mai kifi ta durƙusa a kan Guntu ta ɗaga wuƙa, Tela kuma ya kama wuƙar ta wajen kaifin da hannunsa na dama.

"Saki, Tela."

"Yaya, ba zan saki ba."

"Saki, ko in haɗa da kai!"

"Ki haɗa."

Ta fizge. Na ji ƙarar da ta yi a ƙashin yatsunsa. Bai yi kuka ba, sai ya faɗa kan Guntu ya rufe shi da jikinsa. Ta yi ta dukan bayansa da ƙotar wuƙar tana cewa, "Tashi! Tashi, munafuki! Kana shafa kansa, ƙanena yana mutuwa!" Ta ja gashinsa har ya cika mata hannu, bai ɗaga ba.

Inna ce ta tsayar da ita, baki duk jini. "Ke! Ƙanenki yana tafiya, ke kina nan!"

Ta waiwaya. Auta yana shure-shure a hankali. Ta saki wuƙar ta rarrafa ta rungume kansa, a hannunta ya cika.

Kafin mu gama raba sauran, labari ya tsallake katanga. Masu kwalekwale suka taru a ƙofa da filafilai da galan ɗin fetur, suna cewa a miƙo musu Guntu. Inna ta ɗaure masa cinya da igiyar shanya, ni da direban mishan muka cusa shi a bayan mota, muka danne shi da katifu masu jini. Sai dai ƙofar baya tana kallon hanyar da mutane ke tahowa, dole a riƙe hankalinsu a gaba. Tela ya naɗe hannunsa da tawul ya tafi babbar ƙofa da kansa.

Ya tsaya a bayan ƙarfen ƙofar yana magana. Ban san me yake faɗa ba, su ma ba su saurara ba. Suka tofa masa yawu, suka zunguro shi da gora ta tsakanin ƙarafa. Dutse ya same shi a baki, ya tofar da haƙori, ya ci gaba da magana. Da suka ɓalle ƙofar suka bi ta kansa, motar ta riga ta hau babban titi, ta nufi asibitin birni. Suka birkice ɗakuna, suka farke katifu, suka cinna wa rumfar wanki wuta. Ba su bari ba sai da mai kifi ta fito baranda, ba ɗankwali, ta ce, "Ku zo ku ɗaukar mini ƙanena." Suka ajiye galan suka ɗauke shi.

Inna ta ɗinke hannun iya ƙoƙarinta, amma jijiyoyi sun tsinke. Yatsu uku suka lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba. Tela bai ƙara riƙe allura ba. Cocinsu ya ce ya dawo gida, ya roƙi a bar shi ya ƙarasa wa'adinsa, aka bar shi. Ya koma ɗiban ruwa da wankin gyambo da hannun hagu. Mai kifi ba ta sake taka mishan ba. Ya je rumfarta a mashigi ya tsaya ya gaishe ta, ta ci gaba da fasa kifinta kamar ba mutum a wurin. Ya yi haka ya fi a ƙirga, ban ji ta taɓa amsawa ba.

Na Guntu kuwa, mun daɗe ba mu ji komai ba, don asibitin birni ba sa ba da labari. Tela yakan tsaya a teburina ya ce, "Akawu, babu?" in ce babu. Sai bayan damina direba ya je sayo magani ya gan shi a tashar mota, da sanda, ƙafar ta shanye, yana gadin kaya.

Na sami Tela a bakin rijiya yana matse bandeji, gefe ɗaya a hannu, ɗaya a haƙori. Na ce masa Guntu yana raye.

Ya saki bandejin. "Direba ya gan shi da idonsa?"

"Har sun gaisa."

"Ya yi maganata?"

"Ya yi. Ya ce yana gaishe ka, ya kuma gode. Amma don girman Allah kada ka sake yi masa addu'a."

Tela ya yi dariya har ya zauna a ƙasa cikin taɓo. Da na ga dariyar ta fara juyewa kuka, sai na koma teburina na ba shi wuri.