Agogon da Ya San Gaisuwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Garo da hantsi ya san Mijinyawa, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri da ke wuce masu keke a guje, ba kaya a kansa, ba kowa a bayansa. Kakanninsa makiyaya ne. Shanun sun ragu har sun koma biyar, gona ta maye gurbinsu, amma ƙafafun ba su samu labari ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan matarsa Altine ta aike shi sayen gishiri a Kabo, sai ya dawo kafin miya ta tafasa.

Wato da zai dawo ke nan, in ba don gaisuwa ba. Mijinyawa bai taɓa wuce babba a tsaye ba. Sai ya ja birki, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi gida, iyali, gajiya, ruwa da dabbobi, sannan ya koma farko don kada a ce ya yi gaggawa.

Abu guda ne ke ci masa rai. Shekara ashirin ke nan surukarsa, Inna Uwaliya, tana gaya wa duk mai kunne cewa 'yarta ta auri mutumin da ke gudu ba a kore shi ba. Ba ta taɓa faɗa a gabansa ba, shi ma bai taɓa nuna ya ji ba, amma maganar tana yi masa zafi ƙwarai.

Sai ga wata ƙungiyar matasa ta shirya gudun famfalaki, kilomita ashirin da ɗaya, a ƙare a Kabo. Mijinyawa ya ga ranar wanke kansa ta zo. Ya tafi wurin Malam Badaruddeen, malamin motsa jiki a Gwarzo, wanda ke tantance masu shiga.

"Ba a shiga da baki, Mijinyawa," in ji malamin. "Kawo min shaidar kilomita ashirin cikin awa biyu. Ga agogo biyu, aro na ba ka. Wannan baƙin na 'yan gudu ne, ba ya magana, cajinsa mako biyu. Wannan mai ƙyallin kuwa har layin waya ake sa masa. Gwada, ka zaɓa."

Wa zai ga mai ƙyalli ya ɗauki baƙi? Mijinyawa ya zare layinsa ya sa a ciki. Washegari bai yi nisa ba hannunsa ya fara ruri. Kawunsa ne daga Kara. To, ya za a yi mutum ya amsa wa kawunsa a guje? Ya tsaya a tsakiyar hanya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban tsintsiyar hannunsa yana "Lafiya lau, Baba." Masu zuwa gona suka kewaye shi suna salati. Da, sai wanda ya gani yake gaisarwa. Yanzu har waɗanda ba sa nan sun samu hanyarsa. Bayan awa huɗu agogon ya yi kiɗa, ya taya shi murnar durƙuso sittin da uku, sannan ya mutu a Masanawa don yunwar caji.

Ranar da ya ɗaura baƙin, sai ya ga abin al'ajabi. Yana tsayawa gaisuwa, agogon ma sai ya tsaya cak. Yana tashi, shi ma ya ci gaba da ƙirga. Ya fita da hantsi, ya gama ana kiran azahar, agogon kuma ya ce awa ɗaya da minti hamsin.

"Wannan ɗan mutane ne," ya gaya wa Altine. "Wancan kuwa bai samu tarbiyya ba."

Malam Badaruddeen ya duba lambobin, ya rubuta sunansa. Sai da ya ji ana labarin azahar ɗin hankalinsa ya tashi, ya kira Mijinyawa.

"Ka ji ni da kyau. Agogon alƙalan gasa ba ya tsayawa don kowa. Ranar nan ko liman ka gani, ɗaga masa hannu ka wuce."

Ya kuma ba shi takalmin gudu mai igiya, ya ɗaure masa da kansa, ƙulli uku-uku, don kada shaiɗan ya raya masa tuɓewa.

Ranar gasa Mijinyawa ya kafa idonsa a ƙasa. Ya wuce dattawa sun fi ashirin, yana jin kowannensu kamar ƙaya a ƙafa. Samari masu gajeren wando suka riƙa zubewa a bayansa. Saura kilomita biyu, babu kowa a gabansa sai mai babur ɗin da ke nuna hanya.

Nan ya ɗaga kai. A gindin wata ɗorawa, kan tabarma, ga Inna Uwaliya. Tsohuwar da ko biki sai an lallashe ta, ita ce ta hau akori-kura tun daga Garo don ta ga ƙarshen wannan hauka da idonta.

Mutum ya wuce surukarsa a guje, da takalmi? Ai ƙafafun ma ba su nemi shawararsa ba. Ya durƙusa ya kama kokawa da ƙullin Malam Badaruddeen, har da haƙori.

"Barka da hantsi, Inna."

"Kai, tashi ka tafi! Ga su nan tafe!"

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Tashi mana!"

"Ya gajiyar mota?"

"Babu gajiya. Wayyo, ɗaya ya wuce!"

Ita ma dai ba ta iya barin gaisuwa ba amsa. Suna kan "ya ƙafar taki" mutum goma suka wuce. Kafin a kai kan tumaki an daina ƙirgawa. Mijinyawa ya shiga Kabo da takalmi a hannu, na arba'in da bakwai. Baƙin agogon, shi kaɗai a duk garin, ya nace cewa shi ne na ɗaya.

Kwana biyu bai fita ba don kunya. A rana ta uku Altine ta dawo daga gidansu tana dariya. Ta ce mata sun cika tsakar gida suna tsokanar Inna, wai surukinta ya sha kaye.

"Me ta ce?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta ce, 'Mutum ɗari biyu suka wuce ni a guje kamar an kore su. Guda ɗaya ne ya san na zo.'"

Idon Mijinyawa ya cika da ƙwalla. Can ya jawo takalminsa, ya ce bari ya je ya gaishe ta.