Gurbin Attaher a Layin Sarjan Inusa

Sarjan Inusa mutumin Dawce ne. Shi ke horar da samarin da Nasara suka ɗauka aikin gardi, wato dogaran gwamnati, a Matameye, kuma ba shi da tsawa. Abu ɗaya muka kasa ganewa. Kullum da safe in yana kiran suna, sai ya ce "Attaher", ya yi jim kamar mai jiran amsa, sannan ya wuce. Babu mai wannan suna a cikinmu.

Shekarar da na shiga akwai Lawwali, mai kaifin kai, wanda kumandan ke son ba shi galon kaporal, igiyar muƙami ta kafaɗa, da mutum goma a ƙarƙashinsa tun bai cika wata huɗu ba. Sarjan ya mai da shi ƙarshen layi.

"Baba Sarjan, bayan Idrisa zan bi?" in ji Lawwali. "Wanda har yau bai san hagunsa ba?"

"Bi shi dai. In ya faɗa rami ka gani."

Muka yi dariya, ban da Lawwali. Ya ce gobe zai je wurin kumandan ya karɓi galonsa.

Da la'asar Sarjan ya kai mu tsohuwar rijiyar hanyar Kance. Ya kunna tsumma, ya zura da igiya. Kafin rabi wutar ta mutu. Ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya faɗi abin da ya ɓoye shekara ashirin.

"Kwanana shida da galo aka tura mu Damargu. Gugarmu ta faɗa rijiya irin wannan. Tsohon jagoranmu ya ce a fara zura wuta, don iskar tsohuwar rijiya tana kisa. Na ce yau ni ke ba da oda, a sauka haka nan. Ban taɓa bin bayan wani na ga yadda ake yi ba. Attaher, ɗaya daga cikin mutanena, ya dube ni ya ce, 'To, Kaporal.' Ya cire takalmansa, ya jera su a bakin rijiya, ya sauka. Takalman na kai wa matarsa Salamatu. Na ce mata zazzaɓi ne."

Muka koma bariki.

Washegari Lawwali bai je wurin kumandan ba. Da aka kira Attaher, sai Lawwali ya matsa gefe, ya bar gurbin mutum ɗaya tsakaninsa da Idrisa.

Sarjan ya rasu bayan damina biyu. Yanzu Lawwali ke kiran suna, har da na Attaher. Sababbi sukan waiga su ga wa ake jira.