Glen Halvorson da Makullin Ɗakin Alƙalan Wasa

Glen Halvorson yana da shekara arba'in da huɗu. Makanikin injinan noma ne a garin Brennock da ke lardin Saskatchewan, kuma shi ne alƙalin wasan hokin yara mafi nauyin jiki da garin ya taɓa gani. Ya rabu da matarsa Colleen tun 'yarsu Marnie tana rarrafe. Sun rabu lafiya, ba wanda ya kai wani kotu. Yarinya ta zauna a hannun uwa, Asabar kuwa aka bar wa Glen, tun daga karin kumallo har abincin yamma.

A Brennock, in sanyi ya kankama, a zauren ƙanƙara ake yin Asabar. Da safe ƙananan yara su koyi sulɓi a kan ƙanƙara da takalma na musamman, da rana a buga hoki, wasan tura ƙwallo da sanda, iyaye suna bisa benci da barguna da kofi. Marnie tana da shekara huɗu aka sa ta cikin masu koyo, kuma tun ranar farko ta ƙi yarda a tafi gida sai an tashi wasan ƙarshe.

Banɗaki ne ya zama matsala. Zauren tsohon gini ne. A na maza, dogon komin fitsari ne na ƙarfe a jikin bango, sai ɗan ɗaki guda mai masai wanda ƙofarsa ta ɓalle tun Glen yana yaro, ba a kuma mayar ba. Glen ya saɓi Marnie a kafaɗa, ya rufe mata ido da tafin hannu, ya shiga. Ya tarar da tsofaffin 'yan wasan gari sun jeru a gaban komin suna musu a kan taraktar wa ta fi jan kaya. Marnie ta leƙa ta tsakanin yatsunsa.

"Baba, wari."

"Toshe hancinki, yanzu za mu fita."

"Babu ƙofa. Ni ba zan yi ba."

Sai ya koma na mata. Yakan ƙwanƙwasa, ya ɗaga murya ya ce uba ne da 'yarsa, ko akwai kowa a ciki, ya ɗan jira, sannan ya shiga. Amma aikin ba na sauri ba ne. Akwai rigar sanyi mai haɗe da wando, da zif ɗinta mai cijewa, da wani wandon a ciki, ga takalmin sulɓi a ƙafa. Ran nan wata baƙuwa, cikin iyayen ƙungiyar da ta zo wasa daga wani gari, ta turo ƙofa ta ga ƙaton mutum mai gemu a durƙushe. Ta kurma ihu, ta faɗa masa maganganu. Har yau Glen yana cewa bai ga laifinta ba. Sai dai Marnie ta tsorata, daga ranar ta ƙi ƙofar nan ita ma.

Doreen, tsohuwar da ke soya dankali a kantin zauren, ta goge hannu ta ce, "Kawo ta nan, Glen. Huɗu na raina, ba abin da ban gani ba."

Marnie ta ɓuya a bayan ƙafar ubanta. In ba uwarta ko ubanta ba, ba mai buɗe mata zif.

Yarinyar ta samo wa kanta dabara: ta daina shan komai ranar Asabar, ta riƙa riƙewa har a koma gida. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama ta, tana kuka in za ta yi fitsari. Colleen ta kai ta asibiti, ta dawo ta kira Glen ya zo. A bakin ƙofa suka yi maganar, murya ƙasa-ƙasa don kada yarinya ta ji.

"Likita ta ce riƙewar da take yi ce ta jawo. Ba faɗa nake yi da kai ba, Glen. Amma ni zan riƙa kai ta zauren. Kai ka zo da yamma ku ci abinci tare."

"Wannan ai ba Asabar ba ce, Colleen. Gaisuwa ce."

"To nemo mata inda za ta shiga hankalinta kwance. Na ba ka zuwa sabuwar shekara. In ba ka samo ba, yadda na faɗa haka za a yi."

Glen bai yi musu ba, domin ya san gaskiya ta faɗa. Ya kuma san akwai banɗaki na uku a zauren. Yana cikin ɗakin alƙalan wasa, can ƙarshen lungu, mai tsabta, mai ƙofa da sakata. Makullinsa na hannun Lorne Peters, mai kula da ginin, wanda suka yi firamare tare. Glen ya same shi yana zuba ruwa a motar goge ƙanƙara, ya roƙe shi makullin.

"Ka manta abin da ya sa aka sa wa ɗakin nan kwaɗo?" in ji Lorne. "Uban wani yaro ne ya bi alƙali har ciki da sandar hoki."

"Marnie ba ta yawo da sanda."

"In na ba ka yau, gobe kowa ya zo da nasa dalilin. Kwamiti ya ce alƙali, mai riga mai ratsi, shi kaɗai ke riƙe makulli."

"Mai riga mai ratsi," in ji Glen.

Lorne ya dubi tumbinsa ya yi dariya. "Kada ma ka fara. Ina za a samo yadin da zai zagaye wannan?"

Rabon Glen da ɗaura takalmin sulɓi tun yana sakandare, lokacin da gwiwarsa ta goce. Amma garin yana ƙarancin alƙalai, don ba mai son ya tsaya tsakar fili iyaye suna zaginsa. Da ya ba da sunansa, ba wanda ya tambaye shi dalili. Ya ja motarsa zuwa Yorkton ya zauna ajin koyon alƙalanci, shi kaɗai mai furfura a gemu cikin samari 'yan sakandare. Bayan an tashi aiki yakan je tafkin da ya daskare a bayan garejinsu, ya yi ta zagaye yana faɗuwa, abokan aikinsa suna leƙe ta taga. Ya ci jarrabawar da ƙyar. Rigar sai da aka aiko da ita daga birni.

Lorne ya ciro makulli daga cikin tarin da ke ƙugunsa ya miƙa masa. "Na ga masu karatu don su zama likita," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda ya yi karatu don masai ba sai kai."

Asabar ɗin da ta biyo, Marnie ta shiga ɗakin alƙalai ta dubi ko'ina, ta taɓa sakata.

"Akwai ƙofa," ta ce.

Ranar kofi biyu na cakulan mai zafi ta sha.

Amma riga ba ta ado ba ce, dole a busa wasa. Lorne ya ba shi wasannin 'yan shekara shida da bakwai, waɗanda su ma faɗuwa suke yi kamar shi. In yana fili, Marnie tana zaune a kanti kusa da Doreen tana cin soyayyen dankali. Iyaye kuwa ba su raga masa ba.

"Glen, ƙwallo tana can, kai me kake nema a nan?"

"Ku ɗaura masa taya, ko ya iso kafin a tashi."

Yakan ɗaga musu hannu ya ci gaba da turawa. Abin da ya dame shi guda ne. Colleen ta ji labarin makullin, ta ce ta yaba, amma ta tambaye shi wa zai kai yarinyar in abin ya zo yana tsakiyar fili. Ba ta kuma janye maganarta ta sabuwar shekara ba.

Amsar ta zo ranar gasar Kirsimeti, zauren cike da baƙi. Yaran Brennock da na wani gari suna kunnen doki, wasa ya kusa ƙarewa. Glen ya juyo ya hango Marnie ta manna fuska a gilashin da ya kewaye fili, ta haɗe gwiwoyi, tana ɗan tsalle a wuri guda. Doreen tana bayanta ta buɗe hannaye, alamar ta yi iya yinta. Ya san tsallen nan. Ya kuma san in ya ce ta jira, za ta jira, kuma shi ne abin da ya kwantar da ita a baya.

Ya sa usur a baki ya busa.

Yara suka tsaya. Kocin baƙi ya leƙo daga bencinsa.

"Me ka busa? Wa ya yi laifi?"

"Ba wanda ya yi laifi. Fitsari ne."

"Fitsarin wa? Wannan yana cikin wace doka?"

"An koya mana alƙali ya tsayar da wasa in ya ga matsala. Na ga matsala. Ga ta can a jikin gilashi."

Ya nufi ƙofar fili. Bencin baƙi ya fara kaurewa da ihu. Bai kai ga fita ba sai mai tsaron gidan baƙin, wata 'yar yarinya da kayan kariya suka kusa haɗiye ta, ta ɗaga hannu.

"Alƙali, ni ma."

Wani yaro a gefen Brennock ya ajiye sanda ya ce shi tun ɗazu yake ji. Sai wani, sai wata. Kafin Glen ya fito da Marnie daga ɗakin alƙalai, rabin 'yan wasan sun yi layi a lungu a kan takalmansu, suna rausaya. Ubanni suka riƙa saukowa daga benci, waɗanda ɗazu suke zaginsa, suka durƙusa suna kwance igiyoyi da maɗauri. Mai tsaron gida sai da ubanta ya nemi taimakon wani kafin aka raba ta da kayanta. Wani manomi da ya fi kowa yi wa Glen ba'a ya ɗago kai daga kwance wandon ɗansa.

"Ashe nan kuka ɓoye mai kyau. Mu muna can muna tare ƙofa da jikinmu."

"Ka goge wurin zama in kun gama," in ji Glen. "Kuma ka bar yarinyar can ta fara shiga, ta fi ɗanka matsuwa."

Lorne yana tsaye a ƙarshen lungu ya harɗe hannaye. Ya dubi layin, ya dubi Glen. Aka koma fili, baƙi suka ci wasan, kocinsu ya zo ya ba Glen hannu.

Da yamma ya kai Marnie gida tana barci a kafaɗarsa. Labari ya riga shi isowa. Colleen ta buɗe ƙofa da waya a hannu.

"An ce ka tsayar da gasa."

"Na tsayar."

"Ana kunnen doki."

"Haka ne."

"Har ƙanwata ta kira ni daga Regina tana tambaya ko da gaske ne." Ta karɓi yarinyar, ta taɓa goshinta, ta gyara mata hula. "Asabar ka zo da wuri. Fanke take so yanzu, kuma ta ce naka ya fi nawa."

Ba ta sake tayar da zancen sabuwar shekara ba.

A zaman kwamiti na gaba, ubanni suka cika ɗakin, abin da ba a saba gani ba. Lorne ya tsaya a kan bakansa cewa ɗakin alƙalai zai ci gaba da zama a kulle, kuma ba wanda ya ce masa a'a. Abin da aka yi shi ne aka toshe ƙofar banɗakinsa ta ciki, aka fasa masa sabuwa ta lungu, aka kafa allo mai hoton babba riƙe da hannun yaro. Glen da abokan aikinsa suka yi aikin a ƙarshen mako guda. Da suka gama, Lorne da kansa ya ɗauko wata ƙofa daga ɗakin ajiya ya ɗaura wa masai na maza, yana gunaguni cewa dama yana da niyya.

Marnie yanzu shekararta bakwai. Ita kaɗai take shiga na mata, ta kuma hana ubanta tsayawa kusa da ƙofa, wai yana ba ta kunya a gaban ƙawayenta. Glen bai da sauran bukatar riga mai ratsi, amma har yanzu yana busa wasa, don ba a samu wanda zai karɓe shi ba, shi kuma ya ce gwiwarsa ta fi jin daɗi. Iyaye suna nan suna tsokanarsa, sai dai in ƙaramin yaro ya fara tsalle a wuri guda, daga benci ake kiran sunan Glen.

Kwanakin baya, a sabon banɗakin, ya ga wani matashin uba ya ɗaga ɗansa ta hammata don ya kai famfon wanke hannu, ruwa yana bin hannun rigar yaron har gwiwar hannu. Glen ya koma gareji ya tsinci guntun ƙarfe cikin tarkacen wani tsohon injin girbi, ya yi waldar ɗan matakala mai hawa biyu, ya goge bakinsa don kada ya yanki kowa. Asabar ɗin da ta wuce ya zo da shi a bayan motarsa, ya ɗaure shi da kusoshi a ƙarƙashin famfon, ya hau kai da dukan nauyinsa ya girgiza. Bai motsa ba. Ya sauko, ya wanke hannu, ya tafi ɗaura takalminsa.